Sadakar Katin 'Yan Wasa da Rangwamen Haraji a Amurka

Daga cikin al'adun mutanen Amurka waɗanda baƙo yakan daɗe yana kallo kafin ya gane kansu akwai tara katin 'yan wasa, watau waɗansu 'yan guntayen kwali da ba su kai tafin hannu ba, a fuska hoton wani gwanin ƙwallo, a baya kuwa lissafin bajintar da ya yi shekara bayan shekara. Yaro yakan fara tara su tun bai iya karatu sosai ba, ya jera su cikin kwalin takalmi, ya yi musaya da abokansa a bakin makaranta, har ya girma ya yi aure ya hayayyafa, kwali ɗaya ya zama ashirin, furfura ta game kai, ɗaki ya yi ƙunci, iyali su fara tambayar ranar da za a raba su da wannan kaya. To, a wannan gaɓa ce shawara takan zo wa da yawa daga cikin masu tarin nan ta su kwashe su kai asibitin yara a rarraba wa majinyata, sa'an nan idan lokacin miƙa takardar haraji ya zo, wanda a ƙasar yakan cika a tsakiyar watan Afrilu, su rubuta kimar abin da suka bayar, hukuma ta rage musu wani abu daga cikin abin da take bin su.

Wannan gami na tausayin yaro majinyaci da neman sauƙin haraji shi nake so mu ɗora bisa mizani, domin mutane sun rabu biyu a kansa: waɗansu suna ganin duk wanda ya ambaci haraji a bakin ƙofar asibiti ya riga ya ɓata sadakarsa, waɗansu kuma suna ganin tun da doka ta yarda, babu sauran magana. Ni kam ban tsaya tare da ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da na fahimta shi ne, karɓar rangwamen da doka ta halatta ba aibi ba ne; aibin yana ɓoye ne a wurare biyu da ba a cika dubawa ba, watau ingancin abin da aka miƙa wa yaron, da gaskiyar adadin da aka rubuta wa hukuma, kuma wanda ya saki ɗaya daga cikin biyun nan, ko da zuciyarsa cike take da tausayi a ranar da ya ɗauko kwalin, ya mai da gadon majinyaci hanyar cin dukiyar jama'a.

Kafin a gane yadda guntun kwali ya zama dukiyar da mai karɓar haraji zai kula da ita, sai an koma ga asalinsa. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin taba ne suka riƙa cusa irin waɗannan katuna cikin kwalin sigari, don kwalin ya yi ƙarfi kada kara ya karye, kuma don su jawo masu saye. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya buga wani jeri na 'yan wasan bezbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki wanda Amurkawa suke ɗauka nasu na gado, a ciki har da wani gwani mai suna Honus Wagner na ƙungiyar birnin Pitsbag. Ba a daɗe da fara fitar da katinsa ba aka dakatar, saboda bai amince ba. Waɗansu sun ce gudun kada ya zama sanadin da yara za su sayi taba ne ya hana shi, waɗansu kuma sun ce a kan kuɗi aka saɓa. Ko ma mene ne dalili, 'yan gommai kaɗai suka saura a duniya, shi ya sa a 2021 aka sayar da guda ɗaya dala miliyan 6.6, shekara ta zagayo aka sayar da wani miliyan 7.25. Daga baya sana'ar ta koma hannun masu alewa da cingam, musamman kamfanin Topps, wanda katinsa na Mickey Mantle, bugun 1952, aka yi gwanjonsa a watan Agusta na 2022 a kan dala miliyan 12.6, alhali kuwa mai shi dala 50,000 ya saye shi a 1991. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa a nan gida sun san ɗan'uwan wannan al'ada, watau hotunan 'yan wasa na mannawa da kamfanin Panini na Italiya yake fitarwa a kowace gasar cin kofin duniya tun 1970.

Irin waɗannan labarai na miliyoyi su ne suka cika kunnen jama'a, su ne kuma suke ruɗin mai kwali ashirin a ɗakin ajiya. Gaskiyar al'amari ita ce, daga wajen 1987 zuwa 1994, da kamfanoni irin su Topps da Fleer da Donruss da Upper Deck suka ga mutane sun fara sayen kati da niyyar ajiya don riba, sai suka saki injin ɗab'i ba dare ba rana, kowa kuma ya saya ya adana cikin leda bai bari ko ƙura ta taɓa ba, har ya zamana babu abin da ya yi ƙaranci, abin da bai yi ƙaranci ba kuwa ba ya tsada. Masu sana'ar da kansu zamanin tarkace suke kiran waɗannan shekaru. Kati dubu biyar na wancan lokaci, in an kai wa mai kanti, sau da yawa ko dai ya taya da 'yan daloli kaɗan, ko ya ce ba shi da wurin ajiya. Daɗin daɗawa, ko katin da ya yi suna, kimarsa a rataye take ga lafiyar jikinsa: akwai kamfanoni, irin su PSA da aka kafa a 1991, waɗanda aikinsu ke nan su duba kusurwoyi huɗu da gefe da fuskar kati da madubin ƙara girma, su ba shi daraja daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba mai tauri, kuma kusurwa ɗaya da ta ɗan lanƙwashe takan zubar da kaso mai yawa na kuɗinsa. Da yawa daga cikin kwalayen da ake shawarar kaiwa asibiti a yau daga wancan zamani na tarkace suka fito, domin yaran da suka tara su a lokacin su ne magidantan yanzu.

Sai mu dubi abin da doka ta ce. Amurka ta kafa harajin kuɗin shiga na tarayya a 1913, a 1917 kuma, da yaƙi ya sa aka ɗaga shi ƙwarai, majalisa ta ji tsoron kada masu hannu da shuni su janye daga taimakon makarantu da asibitoci, sai ta yarda a riƙa cire abin da mutum ya bayar sadaka daga cikin dukiyar da za a yanka masa haraji a kanta. A lura da kyau, domin a nan ne mutane suke tuntuɓe: ba kuɗin da ya bayar ake mayar masa ba, ana rage adadin da za a lissafa ne kawai. Alal misali, wanda ake karɓar kashi 24 cikin 100 a saman abin da yake samu, in ya ba da abin dala 1,000, dala 240 ce za ta sauka daga harajinsa, sauran 760 daga aljihunsa suka fita. Kuma ba kowa ne yake samun ko da wannan ba, domin doka ta ba kowane mai biya wani rangwame na bai ɗaya ba tare da ya kawo hujjar komai ba, wanda a 2024 ya kai dala 14,600 ga mutum guda, 29,200 ga ma'aurata, sai wanda abubuwan da zai lissafa suka haura wannan adadi ne jera kyautar kayansa za ta amfane shi. Tun gyaran dokar da aka yi a 2017 kuwa, kimanin mutum tara cikin goma na bai ɗayan suke ɗauka. Ashe ke nan mafi yawan masu ɗaukar kwali zuwa asibiti ko sisi ba zai ragu daga harajinsu ba, kuma ya kamata a faɗi wannan da babbar murya, don kada a riƙa yi wa mutanen kirki mummunan zato.

Wanda kuwa ya cancanci nema, an gindaya masa sharuɗɗa. Wajibi ne kyautar ta shiga hannun wata ƙungiya ko cibiya da hukumar haraji ta IRS ta amince da ita a matsayin ta jinƙai. Wanda ya shiga ɗaki ya danƙa wa wani yaro takamaimai kati a hannu, ladansa yana wurin Ubangiji, amma a takardar haraji ba shi da komai. In kimar ta kai dala 250, sai ya karɓi shaida a rubuce daga cibiyar, ita kuwa cibiyar tana siffanta abin da ta karɓa ne, ba ta yanka masa farashi. In ta haura dala 500, sai ya cika takarda mai lamba 8283. In ta haura 5,000, sai ƙwararren mai kimantawa ya duba ya sa hannu, kuma ana haɗa kaya masu kama da juna a lissafa su a dunƙule, don kada wani ya rarraba tarinsa kashi kashi ya zille wa sharaɗin. Kimar da ake nufi kuwa ita ce abin da mai saye zai biya da son ransa, mai sayarwa ya sallama da son ransa, babu wanda aka matsa wa, kowa kuma ya san abin da yake ciniki a kai. Ba farashin da aka buga cikin littafin talla ba ne, ba kuma abin da zuciyar mai kaya take raya masa saboda shaƙuwa ba. Wanda ya kumbura kima har ta kai ninki ɗaya da rabi na gaskiya, tarar kashi 20 cikin 100 na harajin da ya ɓoye tana iya hawa kansa, in ta kai ninki biyu kuma tarar ta zama kashi 40.

Me ya sa hukuma take wannan tsanani? Saboda rangwamen nan ba daga sama yake faɗowa ba. Duk dalar da aka rage wa mai kyauta, dala ce da ba ta shiga baitulmali ba, watau sauran masu biyan haraji, har da direban tasi da mai sharar asibitin kansa, sun shiga cikin sadakar ba tare da an shawarce su ba. In kimar gaskiya ce, wannan tarayya ce mai kyau, al'umma ta ce wa mai alheri: mun ɗauke maka wani sashe. In kuwa mutum ya kwaso tarkacen da bai kai dala 50 a kasuwa ba, ya ƙirga kati ɗaya ɗaya da farashin littafin talla har ya tara dala 4,900, ya tsaya daidai ƙasa da iyakar da za a nemi mai kimantawa, to, wannan ya fake da guzuma ne ya harbi karsana. Yaron ya sami kwali, shi kuwa ya sami kuɗin jama'a, sa'an nan ya rattaba hannu a ƙasan takardar da ake sa wa hannu bisa rantsuwa. A ma'auninmu na Musulmi wannan ha'inci ne da shaidar zur a haɗe, kuma sunan majinyacin da aka jingina abin gare shi ba ya rage nauyin laifin, ƙara shi yake yi. Ina da ƙorafi guda a kan dokar kanta, shi ne tana fifita mawadaci: dala ɗaya ta sadaka, a hannun wanda yake biyan kashi 37 tana rage masa fiye da ninki uku na abin da za ta rage wa mai biyan kashi 10, alhali na biyun ne ya fi jin fitarta. Amma karkatar doka ba ta zama hujjar ƙarya ga kowa.

Kada kuma a zaci wannan jarrabawa ta ƙananan mutane ce kaɗai. Shugaba Richard Nixon ya ba ma'ajiyar takardun ƙasa tarin takardunsa na zamanin da yake mataimakin shugaba, aka yi musu kimar dala 576,000, ya riƙa cire ta daga harajinsa, har ya zamana a 1970 da 1971 abin da ya biya bai kai dala 1,000 a kowace shekara ba, alhali albashinsa dala 200,000 ne. Da aka bincika sai aka tarar an mai da kwanan watan takardar kyautar baya, don ta riga ranar da wata doka ta 1969 ta toshe wannan kafa, kuma a 1974 aka yanke masa biyan bashin haraji fiye da dala 400,000.

Amma mu bar ofishin haraji mu shiga ɗakin da aka nufa da kyautar, domin can ne maganar ta fi nauyi. Yaron da ake yi wa maganin sankarar jini, maganin da yake kashe cutar shi ne kuma yake rushe garkuwar jikinsa, har ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ko yi atishawa saboda ita ba takan iya kai shi ga halaka. Masu shiga wurinsa sai sun wanke hannu, wani lokaci sai sun rufe hanci da baki. Yanzu a kawo kwalin da ya shekara talatin a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya sha danshi da ƙura da hayaƙin taba, fumfuna ta kama gefensa, shi kuwa kwali ba a wanke shi, ba a goge shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ya lalace ba. Wannan ne ya sa asibitocin yara da yawa a Amurka suka kafa ƙa'ida cewa sabon abu kaɗai suke karɓa, wanda ba a ɓare daga ledarsa ba, kuma wanda ya ji an mayar masa da kayansa kada ya ɗauka wulaƙanci ne, kiyaye rai ne. Sa'an nan ko da babu batun cuta, a tambayi ma'aikatan da aikinsu shi ne kula da wasa da walwalar yara a asibiti: abin da yake faranta ran yaro shi ne ya riƙe sabon ƙunshi da hannunsa, ko da allurar ƙarin ruwa tana manne a bayan hannun, ya yage ledar bai san abin da ke ciki ba, ya riƙa zare kati ɗaya bayan ɗaya, sai ga LeBron James ko Shohei Ohtani ko Messi, wanda ya gani jiya a talabijin ɗin da ke rataye gaban gadonsa, ya ɗaga ya nuna wa na gadon kusa, a fara ciniki. Wannan 'yar sa'a da ya manta da ciwo ita ce kyautar. Ɗan wasan da ya yi ritaya tun mahaifin yaron bai yi aure ba, ba shi da wannan tasiri, komai ƙaunar da mai tarin yake masa.

Ba ina cewa tsofaffin katuna ba su da wurin zuwa ba ne. Akwai ƙananan ƙungiyoyin sa kai da suke karɓar su, su zauna su tsince masu kyau, su ware su ƙungiya ƙungiya, su ƙulla ashirin ashirin ko hamsin hamsin, su kai wa yara a gidajen marayu da matsugunan marasa galihu da cibiyoyin unguwa, inda ba a fargabar raunin garkuwa. Sai dai wannan aiki ne mai cin lokaci, kuma wanda ya tura kwalaye ba tsinta ba warewa, aiki ya tura wa wasu, ba kyauta ba.

Mu Musulmi muna da ma'auni tsoho a kan wannan, ko da yake mafi yawan masu wannan kyauta ba addininmu ɗaya ba. Malaman tafsiri sun kawo cewa a Madina mutanen da suke da gonakin dabino sukan kawo nonon dabino su rataye a masallaci domin matalautan da suke zaune a Suffa, sai waɗansu suka riƙa kawo busasshe da lalatacce, wanda su kansu ba za su ci ba, har aya ta sauka a Suratul Baƙara tana hana mutum ya nufi mummunan abin da ke cikin dukiyarsa ya ce shi zai ciyar, abin da in shi aka miƙa wa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. A ɗaya gefen kuma ga Abu Ɗalha, Allah Ya yarda da shi, wanda ya ba da lambunsa na Bairuha, mafi soyuwar dukiyarsa gare shi. Tambayar da mai kwali zai yi wa kansa ke nan tun kafin ya kira asibiti: in ɗana ne a kan gadon nan, zan so a kawo masa wannan? Game da niyya kuwa, ban ga dalilin da zai sa a ce rangwame yana rushe sadaka kai tsaye ba, tun da shari'a ta halatta wa alhaji ya yi fatauci a tafiyar Hajji, malamai kuma suka ce abin dubawa shi ne wanne ne ya tayar da shi daga gida. A Malesiya ma hukuma tana cire zakkar da Musulmi ya biya daga harajinsa. Wanda tausayi ya tayar, rangwame ya biyo baya, ya karɓa da godiya. Wanda kuwa rangwame ya tayar, ya nemo yaro majinyaci don ya cika sharaɗi, shi ne ya kamata ya ji tsoron riya da abin da ya fi riya muni. Wannan kuwa tsakanin bawa ne da Mahaliccinsa, mu abin da muke iya gani shi ne kayan da adadin.

To, wanda Allah Ya sa a cikin tarinsa akwai kati mai daraja ta gaske fa? A nan dokar tana da wata murɗiya da ya kamata a sani. Tun 1969, wanda ya ba da kaya irin wannan da kimarsa ta hau, ba zai cire cikakkiyar kimar kasuwa ba sai in cibiyar za ta yi amfani da shi a cikin ainihin aikin da aka kafa ta dominsa. In sayarwa za ta yi, abin da ya saya da shi tun farko kaɗai zai cire, kuma cibiyar da ta rabu da irin wannan kaya cikin shekara uku wajibi ne ta sanar da hukuma a takarda mai lamba 8282. Gidan adana kayan tarihi yana iya baje kati a nuna wa jama'a, amma me asibiti zai yi da katin dala 20,000 in ba sayarwa ba? Ba za a ba yaro shi ya yi wasa ba, ba kuma zai zama magani ba yana kulle a akwati. Saboda haka hanyar da na ga ta fi tsabta ita ce mai shi ya sayar da kansa, ya biya harajin ribar, wanda a kan kayan tarawa iyakarsa kashi 28 ne, ya miƙa kuɗin ga asibiti, ya cire abin da ya miƙa ba tare da gardamar kima ba, tun da dala ba ta bukatar mai kimantawa. A 2010 waɗansu mata masu zuhudu na ɗariƙar Katolika a birnin Baltimo sun gaji katin Wagner ɗin nan daga ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu, ga shi ya sha jiki, an datse gefensa, amma duk da haka da suka kai shi gwanjo ya kawo musu fiye da dala 200,000, suka zuba cikin ayyukansu na koyarwa da taimakon matalauta. Kuɗi ne yake tafiyar da wuri irin asibitin St. Jude na birnin Memfis, wanda Danny Thomas ya buɗe a 1962, inda ba a miƙa wa iyaye takardar biyan magani ko masauki ko abinci.

In kuwa ana neman misalin wanda ya ba da tarinsa yadda ya kamata a bayar, sai a ambaci Jefferson Burdick, wani ma'aikacin masana'antar kayan lantarki daga garin Sirakus, wanda shi ne ya fara tsara wa katunan Amurka kundi tun 1939, har lambar T206 da ake kiran jerin Wagner da ita a yau shi ya sa ta. A 1947 ya fara miƙa tarinsa, kimanin guda 300,000, ga gidan tarihi na Metropolitan a birnin Niyok, aka ce masa ana so, amma sai in shi zai tsara su. Mutumin nan yana fama da ciwon gaɓɓai mai tsanani wanda ya ƙanƙame masa yatsu, amma ya karɓi sharaɗin, ya shekara goma sha biyar yana warewa yana mannawa cikin manyan littattafai, daga baya ma ya tare a Niyok don ya riƙa zama a teburin da aka ba shi a gidan. Ya manna na ƙarshe a watan Janairu na 1963, kashegari ya kwanta asibiti, bayan wata biyu ya rasu. Ya kai abin inda zai yi amfani, ya kuma ɗauki wahalar shirya shi da kansa, har yau masu bincike suna cin moriyarsa.

Wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Amurka, waɗanda suke biyan harajin can, su sani cewa kuɗin da suka aika kai tsaye ga asibiti ko gidan marayu a Kano ko Zinder ko Kumasi ba ya shiga cikin rangwamen, sai in ya bi ta hannun ƙungiyar da take da rajista a Amurka. Kada wannan ya sanyaya musu gwiwa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma bukatar da ke nan ta fi gaban a jira sauƙin haraji. Ta biyu, mu ma mun daɗe a mazaunin wancan yaro na kan gado. An sha turo wa ƙasashe masu fama da annoba ko yaƙi magungunan da suka kusa lalacewa ko waɗanda babu mai bukatarsu, da sunan agaji, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da kyautar magani a 1996, cikinsu har da cewa abin da ba a yarda da ingancinsa a ƙasar mai bayarwa ba kada a kai wa wani. Wanda ya san ɗacin a share ɗaki a kansa a kira abin taimako, bai kamata ya yi wa majinyaci haka ba, ko a Amurka ko a gida.

Don haka kirana ga duk mai irin wannan tari, ko mai tufafi da littattafai da kayan wasan da yake shawarar kaiwa asibitin yara: ka fara kiran asibitin ka tambayi abin da suke karɓa da abin da suke bukata, ka sayar da mai tsada ka kai kuɗin, ka sayi sabon ƙunshi ka kai wa yaran, tsofaffin kuma ka zauna ka tsince su da hannunka kafin ka miƙa wa masu rarrabawa. In ka zo cika takardar haraji, ka rubuta adadin da ka tabbata wani zai ƙirga ya ba ka a kasuwa ranar da ka bayar, ko da dala 30 ce.